Hanyoyin Tura Bayanai Zuwa Na'urar Wasa ta Hannu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya riƙe wayar salula a shekarun farko na shigowar layukan GSM Nijeriya, wato daga shekarar 2001, zai iya tuna yadda ake tura hoto ko sautin kira daga wata waya zuwa wata. Akan ajiye wayoyin biyu a kan teburi ko tabarma, a saita ɗan baƙin gilashin da ke jikin wannan da na waccan, sannan a gargaɗi kowa kada ya taɓa su har sai an gama. Idan aka yi rashin sa'a wani ya gusar da ɗaya daga cikinsu, sai dai a sake daga farko. Wannan hanya ita ce ake kira infirared. Ba a wayoyi kaɗai aka yi amfani da ita ba, domin kamfanonin ƙasar Japan masu ƙera na'urorin wasa na hannu su ma sun daɗe suna cin moriyarta.

Wannan babi zai yi bayani a kan hanyoyin da aka bi wajen shigar da bayanai cikin na'urar wasa ta hannu daga shekarar 1989 zuwa yau. Za a fi ba da ƙarfi a kan infirared, saboda ita ce hanyar da ta fi sauƙin fahimta, kuma malami zai iya gwada ta a gaban ɗalibansa ba tare da kashe ko kwabo ba. Daga nan za a duba abin da ke faruwa da bayanan mutum idan hanyar ta yanke.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Na'urar wasa ta hannu ƙaramar kwamfuta ce da aka ƙera domin wasa, wadda take ɗauke da allonta da maɓallanta da batirinta, ta yadda mai ita zai iya sa ta a aljihu. Fitacciya daga cikin na farko-farko ita ce Game Boy, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a shekarar 1989, a ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Gunpei Yokoi.

Bayanai kuwa, a nan ana nufin duk abin da na'ura za ta iya ajiyewa ko karantawa. Sun haɗa da shi kansa wasan, da matsayin da ɗan wasa ya kai, da makin da ya samu, da hotuna da sautuka. Na'ura ba ta san hoto ko sauti ba, abin da ta sani lambobi biyu ne kacal, wato 0 da 1. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan lambobi ana kiran ta bit, sannan bit takwas su ne bayit ɗaya. Kimanin bayit dubu shi ne kilobayit, kilobayit dubu shi ne megabayit, megabayit dubu kuma gigabayit. Ke nan tura bayanai ba wani abu ba ne illa isar da jerin 0 da 1 daga wata na'ura zuwa wata ba tare da an zubar da ko ɗaya a hanya ba.

3.0 Sharuɗɗan Tura Bayanai

Kowace hanya aka bi, tilas ne a cika sharuɗɗa uku kafin saƙo ya isa lafiya.

Na farko shi ne abin da zai ɗauki saƙon. Yana iya zama lantarkin da ke bin kebul, ko haske, ko igiyoyin rediyo, ko ma wani abu da ake ɗauka da hannu kamar kaset da memori.

Na biyu shi ne ƙa'idar da na'urorin biyu suka yi tarayya a kanta. Dole su san wadda za ta fara magana, da saurin da za a yi, da alamar da ke nuna farkon saƙo da ƙarshensa. Ana iya kwatanta wannan da kiɗan kalangu. Wanda ya san ƙa'idar kiɗan yana jin magana a cikinsa, baƙo kuwa sauti kawai yake ji.

Na uku shi ne tantancewa. Na'urar da ke turawa takan lissafa wata lamba daga cikin saƙon ta liƙa ta a ƙarshensa. Mai karɓa sai ta sake yin lissafin da kanta. Idan amsoshin biyu suka zo daidai, saƙo ya isa cikakke. Idan suka saɓa, sai a nemi a sake turowa. Haka fatake ke yi idan sun aika kaya da takardar da ke ɗauke da adadinsu, domin mai karɓa ya ƙirga ya gani.

4.0 Kaset da Kebul

Hanya ta farko ta shigar da wasa cikin Game Boy ita ce kaset. An rubuta wasan a cikin kaset ɗin tun daga masana'anta, kuma ba a iya goge shi. Idan aka zura shi a bayan na'urar, sai haƙoran ƙarfen da ke bakinsa su haɗu da nata, ta riƙa karantawa kai tsaye. Kaset ɗin wasan Tetris na 1989 yana ɗauke da kilobayit 32 ne kacal. Idan aka kwatanta shi da katin wasa na Nintendo Switch ta 2017, wanda yake iya kaiwa gigabayit 32, za a ga an ninka shi kusan sau miliyan ɗaya.

Domin haɗa na'urori biyu kuwa, an yi wa Game Boy wata kafa a gefenta inda ake sa kebul. Ɗaya daga cikin na'urorin ita ke ba da bugun da ake bi, tamkar mai ba da waƙa a wurin daka. Da kowane bugu, bit ɗaya zai fita daga wannan na'ura zuwa waccan, wani bit ɗin kuma ya fito daga waccan zuwa wannan. Bayan bugu takwas, sun yi musayar bayit ɗaya ke nan. Ana yin bugu 8,192 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kimanin kilobayit ɗaya.

Wannan kebul ne ya haifar da wasan Pokémon. Wanda ya ƙago shi, Satoshi Tajiri, ya tashi yana tara ƙwari tun yana yaro. Da ya ga kebul ɗin, sai ya suranta ƙwari suna bin sa daga wata na'ura zuwa wata. Wasan ya fito a Japan a shekarar 1996 a kaset iri biyu, ja da kore, kuma an tsara shi ta yadda wasu halittun da ake tarawa suna cikin ja kawai, wasu kuma cikin kore kawai. Har wa yau, akwai waɗanda ba sa rikiɗa zuwa babbar siffarsu sai an tura su ga wani ɗan wasa. Saboda haka, duk mai son ya cika tarinsa dole ya nemi aboki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 Infirared

5.1 Asalinsa

Infirared wani nau'in haske ne da idon ɗan'adam ba ya iya gani, don haka ana iya kiran sa ɓoyayyen haske. Wanda ya gano shi shi ne William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus wanda ya zauna a Ingila. A shekarar 1800 ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai hasken ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo. Ya riƙa sa ma'aunin zafi a kan launukan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gusar da ma'aunin zuwa gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin wurin ya fi na sauran. Wannan ya tabbatar masa da cewa akwai wani haske a wurin wanda ido bai kai gare shi ba. Ma'anar sunan a harshen Latin da Ingilishi ita ce "ƙasa da ja".

5.2 Yadda Yake Ɗaukar Saƙo

Abubuwa biyu ake buƙata: ɗan ƙaramin ƙwai mai fitar da ɓoyayyen haske, da wani ɗan ido mai jin saukar hasken a kansa. Mai turawa tana kunna ƙwan tana kashewa da sauri ƙwarai bisa wata ƙa'ida, mai karɓa kuma tana mayar da wannan ƙyaftawar zuwa 0 da 1. Baƙin gilashin da ake rufe su da shi yana tare mafi yawan hasken da ido ke gani, ya bar ɓoyayyen ya wuce.

Misalin da kowa ya sani shi ne rimot na talabijin. Da yake rana da wasu fitilu su ma suna fitar da irin wannan haske, an tsara yawancin rimot su riƙa ƙyaftawa kimanin sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya. Idon talabijin kuma an saita shi ya saurari wannan ƙyaftawar kaɗai, ya yi watsi da hasken da ke tsaye.

A shekarar 1993 wasu kamfanonin lantarki suka kafa ƙungiya mai suna IrDA domin fitar da ƙa'ida guda da kwamfutoci da wayoyi za su bi. Ƙa'idarta ta farko ta ba da damar tura bit 115,200 a daƙiƙa, a tazarar da ba ta wuce kimanin mita ɗaya ba, kuma sai na'urorin suna fuskantar juna. A wannan saurin, hoto ɗaya mai megabayit uku, irin wanda wayoyin yau ke ɗauka, zai ci fiye da minti uku kafin ya isa. Daga baya an ƙara saurin zuwa bit miliyan huɗu a daƙiƙa. Bugu da ƙari, na'urorin ba sa magana lokaci guda, domin hasken da kowace ke fitarwa yakan dushe nata idon. Sai ɗaya ta yi shiru ɗayar ke magana.

5.3 Amfani da Shi a Na'urorin Wasa

A shekarar 1998 Nintendo ya fitar da Game Boy Color, wadda aka sa wa kafar infirared a samanta. Ba ta bin ƙa'idar IrDA. Ƙwai da ido kawai aka sa mata, aka bar wa masu rubuta kowane wasa su tsara tasu ƙa'idar. Wannan ya sa ba ta iya magana da kwamfuta ko wayar salula ta wannan kafa, ko da yake hasken iri ɗaya ne. A nan ake ganin muhimmancin sharaɗi na biyu da aka ambata a baya.

Wasan da ya fi cin moriyar wannan kafa shi ne Pokémon Gold da Silver na shekarar 1999. 'Yan wasa biyu sukan haɗa kawunan na'urorinsu dab da juna, su danna maɓalli, sai kowannensu ya sami wata kyauta da bai san ko mece ce ba sai ya buɗe. An ƙayyade yin hakan sau biyar a rana, kuma sau ɗaya da mutum guda, domin yaro ya nemi sababbin abokai. Amma musayar halittu da fafatawa tsakanin mutum biyu, waɗanda ke buƙatar dogon haɗi, an bar su a kan kebul. Da aka fitar da Game Boy Advance a shekarar 2001, sai aka cire kafar infirared gaba ɗaya.

Shi ma kamfanin Sony ya sa kafar IrDA a na'urarsa ta PSP da ta fito a shekarar 2004. Sai dai masu yin wasanni ba su damu da ita ba, don haka aka cire ta a samfurin da ya fito a 2007.

Duk da haka infirared bai mutu ba. A shekarar 2009 aka fitar da Pokémon HeartGold da SoulSilver domin na'urar Nintendo DS, tare da wata 'yar na'ura mai ƙirga taku da ake kira Pokéwalker. Ɗan wasa yakan tura halitta ɗaya cikinta, ya maƙala ta a ƙugu ya yi yawonsa, takun da ya yi kuma su zama maki. Idan ya dawo sai ya mayar da halittar cikin wasan. Tun da DS ba ta da kafar infirared, sai aka sa ƙwan da idon a cikin shi kansa kaset ɗin. Na'urar Nintendo 3DS ta 2011 ta dawo da kafar, inda aka yi amfani da ita wajen haɗa na'urar da wasu ƙananan kayan da ake saye daban.

5.4 Fa'idojinsa da Naƙasunsa

Daga cikin fa'idojin infirared akwai araha da ƙarancin cin batir. Haka kuma ba a buƙatar izinin hukuma kafin a yi amfani da shi, kamar yadda ake buƙata a wasu zangunan rediyo. Da yake ba ya ratsa bango, wanda ke wani ɗaki ba zai iya satar saƙon ba, kuma mai turawa ya san wanda yake tura wa, domin ga shi nan a gabansa.

Naƙasunsa kuwa su ne gajeriyar tazara da rashin sauri da saurin yankewa. Hannu ko littafi idan ya gitta tsakani ya isa ya tsayar da saƙo, hasken rana mai ƙarfi ma yana rikita shi. Sannan na'urori biyu kaɗai yake haɗawa a lokaci guda. Waɗannan dalilai ne suka sa aka keɓe shi ga gajerun saƙonni.

6.0 Sauran Hanyoyi

6.1 Katin Takarda

A shekarar 2001 Nintendo ya fitar da wata na'ura mai suna e-Reader wadda ake maƙala wa Game Boy Advance. Akan buga bayanai a gefen katin takarda a siffar ɗige-ɗige ƙanana, sai ɗan wasa ya ja katin ta bakin na'urar ta karanta. Kati ɗaya ba ya ɗaukar abu mai yawa, saboda haka ƙaramin wasa guda yakan buƙaci katuna da dama. Dabarar ta yi kama da ta lambar QR da ake haskawa da waya a yau.

6.2 Memori da Kebul na USB

PSP tana karanta wasanni daga wani ƙaramin faifai mai suna UMD, amma tana ajiye hotuna da waƙoƙi da matsayin wasa a kan memori na Sony da ake kira Memory Stick Duo. Idan aka haɗa ta da kwamfuta ta kebul na USB, sai memorin ya bayyana a allon kwamfutar, a kwafi abin da ake so a zuba. Na'urorin Nintendo na baya-baya sun koma ga memori irin na SD, wanda ƙaraminsa shi ne ake sawa a wayoyin salula.

6.3 Igiyoyin Rediyo

Rediyo ya magance babbar matsalar infirared, domin yana ratsa tufafi da jaka har da bango, kuma ba sai an fuskanci juna ba. Nintendo DS ta 2004 ta zo da wannan dama. A wasan tseren motoci na Mario Kart DS na 2005, mutum takwas suna iya wasa tare alhali kaset ɗaya ne a wurin, domin na'urar mai kaset ɗin tana aika wa sauran wani yanki na wasan na ɗan lokaci. A 3DS kuma an fito da tsarin StreetPass, inda na'urori biyu da ke cikin jakunkunan mutanen da ba su san juna ba suke musayar gajeren saƙo idan masu su suka gitta juna a hanya.

Akwai kuma Bluetooth, wanda Switch ke amfani da shi wajen magana da maɓallanta idan an zare su daga jikinta, da NFC, wanda ba ya wuce 'yan santimitoci, irin wanda ke cikin katin banki da ake ɗorawa a kan na'urar biyan kuɗi.

6.4 Intanet

A yau yawancin bayanan da ke shiga na'urori irin su Switch da Steam Deck ta 2022 suna zuwa ne ta intanet daga manyan kwamfutocin kamfani. Wannan hanya ta fi duk waɗanda suka gabata nisa, amma mabuɗinta yana hannun kamfanin.

7.0 Haɗarin Asarar Bayanai

Ɗan wasa yakan shafe watanni ko shekaru yana gina matsayinsa, kuma duk wannan wahala tana cikin 'yan kilobayit. Ana iya rasa su ta fuskoki huɗu.

Na ɗaya, yankewar haɗi. A wasannin Pokémon na farko, idan aka kashe na'ura ɗaya ana dab da kammala musaya, yakan faru ɗaya ta riga ta adana sakamakon, ɗayar ba ta adana ba. Sai a wayi gari halitta guda ta zama biyu, wata kuma ta ɓace ɗungurungum.

Na biyu, mutuwar batirin kaset. Tsofaffin kasakasai suna riƙe matsayin wasa ne da taimakon wani ɗan batir mai kama da maɓallin riga. Na Gold da Silver sun fi saurin mutuwa domin agogon da ke cikinsu ba ya tsayawa. Da batirin ya ƙare, abin da aka adana ya tafi.

Na uku, sauya ƙa'ida. Lokacin da Pokémon Ruby da Sapphire suka fito a shekarar 2002, an canza tsarin bayanan, don haka waɗanda suka tara halittu tun 1996 ba su sami hanyar kwaso su zuwa sababbin kasakasan ba.

Na huɗu, rufe hanya daga kamfani. Nintendo ya dakatar da wasa ta intanet a DS a shekarar 2014, ya rufe sayar da wasanni a shagon intanet na 3DS a watan Maris na 2023, sannan ya dakatar da wasa ta intanet a 3DS a watan Afirilu na 2024. Abin lura a nan shi ne, kebul da infirared da StreetPass suna nan suna aiki a duk na'urar da ke da lafiya, domin ba su dogara da kowa ba sai na'urorin biyu.

Darasin bai tsaya ga wasa ba. Malamin da ya ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibansa a waya ɗaya ko memori ɗaya yana fuskantar waɗannan haɗurra guda huɗu. Maganinsu shi ne a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a tabbata da caji kafin a fara turawa, kuma kada a zare memori ko kebul sai na'ura ta nuna ta gama.

8.0 Gwaji a Cikin Aji

Gani ya kori ji. Malami ya zo da rimot da wayar salula, ya buɗe kyamarar wayar, ya saita bakin rimot ɗin da ita, sannan ya danna maɓalli. Ɗalibai za su ga ƙwan yana ƙyaftawa da haske mai ruwan shuɗi-shuɗi ko fari a allon wayar, alhali da ido ba a ganin komai. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, a gwada ta gaba, domin wasu wayoyin suna da matatar da ke tare wannan haske. Inda ake da talabijin, sai a sa littafi tsakaninsa da rimot a ga abin da zai faru, sannan a juya rimot ɗin ga madubi a gwada ko saƙon zai isa.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tura bayanai yana buƙatar abin da zai ɗauki saƙo, da ƙa'idar da aka yi tarayya a kanta, da hanyar tantancewa. An bi diddigin yadda na'urorin wasa na hannu suka taso daga kaset da kebul a 1989, suka biyo ta infirared daga 1998, suka kai ga memori da rediyo da intanet. An kuma nuna cewa kowace hanya tana da inda take gazawa, don haka mai bayanai ya kamata ya san hanyar da ya dogara da ita, ya kuma tanadi kwafi tun kafin ta yanke.

Tambayoyin Bita

1. Kawo sharuɗɗa uku na tura bayanai, tare da misali ɗaya ga kowanne daga rayuwar yau da kullum.
2. Yi bayanin gwajin da William Herschel ya yi a shekarar 1800.
3. Me ya sa Game Boy Color ba ta iya magana da kwamfuta ta infirared?
4. Kwatanta infirared da igiyoyin rediyo ta fuskar tazara da sauri da sirri.
5. Tsara darasi na minti 40 ga ɗaliban ƙaramar sakandare a kan ɓoyayyen haske, ta amfani da gwajin da ke sashe na 8.0.